Waƙar da Ta Tona Mana Asiri a Kwarbai

Jama'a, kafin kowa ya fara zagin Sagiru, bari in faɗa da bakina: ni na jawo. Shi dai ya dafa, amma ni na kai masa kayan miyar.

Sunana Radiya. Shekara biyu ke nan da na gama kwalejin ilimi, Abba ya ce in tattara nawa ya nawa in bar gidanmu na Tudun Jukun in koma cikin birnin Zariya, Kwarbai, in zauna da iyayensa. Tsofaffi biyu a gidan ƙasa mai zaure biyu, rufin azara da ke ɗiga duk damina, da rijiya a tsakar gida wadda babu mai iya jan guganta sai ni. Na tafi ina kumbure-kumbure. Ban yi sati ba na gane an kai ni gidan kallo ne kyauta.

Kakana Alhaji Bahago maɗinkin manyan riguna ne, da hannun hagu yake aikinsa, a nan ma ya samo sunan. An ce a zamaninsa in ya zauna wa ɗinkin aska takwas, har daga Kano ake zuwa karɓa. Yanzu ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi, amma kullum da hantsi sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya ya ɗauko riga. Allura ce dai ba ya ganin kafarta. Sai ya miƙa hannu gefe ba tare da ya waiwaya ba, kakata Iya ta karɓa ta zura zare ta mayar masa, tana mita. Ita kuma Iya idonta garau, bakinta ya fi idon kaifi, gwiwa ce ta ƙi. In za ta tashi, kafaɗarsa take dafawa, shi ma yana mita. Shekara hamsin da huɗu suna wannan.

"Alhaji, ga kunu."

"Kunnena lafiyarsa ƙalau, ke dai ki ji da bakinki."

"Kunu na ce! Kunu!"

"To ihun na mene ne? Kurma kika samu?"

Wata rana ta ce masa gwiwa ta hana ta barci. Ya ɗago, ya gyara tabarau, ya ce, "Giwa? A Zariya? Talatu, ki rage cin goro."

Ni kuwa ina ɗaki ina toshe baki da gefen mayafi, ina danna waya ina naɗar muryarsu. Wa nake tura wa? Kun riga kun sani.

Sagiru malamin firamare ne a Ƙofar Jatau, dogo, siriri, mai kunyar da in ya zo zance sai na yi ta janyo maganar kamar guga. Amma ku ba shi makirufo. Da yamma yana zuwa situdiyon abokinsa Nabil yana rera waƙoƙi, kuma wannan ne kaɗai abin da Abba ya ji game da shi. Ranar da Umma ta kai masa maganar aurenmu, ko gama faɗa ba ta yi ba ya ajiye cokali.

"Mawaƙi? A zuri'armu? Mu gidan sana'a ne da karatu. Tun daga kakan kakana babu wanda ya taɓa buɗe baki ya yi waƙa. Ki gaya mata ta kawo mutum mai kamun kai kafin babbar Sallah."

Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci na rabin yini, sannan Iya ta yi dambun zogale na fasa.

To ana cikin haka wata magana ta taso a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, wanda kowa ke ciki ban da tsofaffin, don su wayarsu ƙarama ce mai tocila, ita ma a cikin kwalla Iya ke ajiye ta. Likita ya ce gwiwar Iya sai aiki. Gwaggo Rukayya, ƙanwar Abba da ke aure a Kaduna, ta ce a kawo mata Iya a yi aikin a can, ta zauna wurinta gaba ɗaya. Abba ya ce shi kuma zai ɗauke Alhaji zuwa Tudun Jukun, a rufe gidan Kwarbai kafin rufin ya faɗo wa wani. Kowa ya turo babban yatsa. Aka ce kada a gaya musu sai ana jibi tafiya, don kada su tayar da rigima.

Abin ya tsaya min a rai. Na fito na gan su, ita tana zura masa zare tana cewa hannunsa na rawa kamar na ɓarawon kaza, shi yana cewa wai me ta ce game da kaza. Na koma ɗaki na rubuta wa Sagiru komai.

Bayan kwana huɗu, ina tsakiyar wanke-wanke, saƙo ya shigo.

"Ranki ya daɗe, ga wata 'yar tsaraba. Ke kaɗai. Kada ki tura wa kowa."

Na goge hannu a zani na kunna. Kiɗa mai sanyi, ɗan kalangu a ƙasa-ƙasa, sai muryarsa, yana yin ta mace yana yin ta namiji:

*Na ce ga kunu, ka ce kunnenka ƙalau,*
*Na ce gwiwa ce, ka ce ina giwar?*
*Mai ɗinkin hagu, idonka ya gaji,*
*Miƙo allurar, zaren yana hannuna.*

*Haƙori ya tafi, murmushin bai tafi ba,*
*Tuwon ya yi laushi, bakinki bai yi ba,*
*Dafa kafaɗata, mu tashi a hankali,*
*Inda za mu ba nisa, kuma ba a jiran mu.*

Na yi dariya har na zauna a bakin rijiya. Da ya kai baitin ƙarshe kuma sai na ji hawaye. Na rubuta masa, "Allah ya isa, ka sa ni kuka da omo a hannu." Ya turo fuskar nan mai rufe ido.

Ni ban tura wa kowa ba, wallahi. Shi ma bai tura ba. Nabil ne ya ga waƙa ta yi daɗi a kwamfutarsa, ya ɗora ta a TikTok ba shawara.

Ranar Laraba na je kasuwa sayen kayan miya, na ji ta a cikin keke. Na ce wataƙila kunnena ne. Na sauka, mai rake yana jin ta. Mai niƙa yana jin ta. Wata mata a gabana tana taya kabewa tana cewa ƙasa-ƙasa, "ka ce ina giwar."  A duk Kwarbai mutum nawa ne ke ɗinki da hagu?

Na kira Sagiru. "Ka kashe ni."

"Radiya, wallahi tallahi Nabil ne. Na sa ya goge."

"Ya goge? Mutum dubu nawa suka ɗauka?"

A hankali ya ce, "Tamanin da wani abu."

Kun san me ya ba ni haushi? A cikin muryarsa, can ƙasan tsoron, na jiyo ɗan jin daɗi.

Ranar Alhamis Iya ta ci ado za ta suna a maƙwabta: atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗaurin nan nata mai kama da kwando, mayafi fari, turaren wuta har ƙofar gida. Na raka ta tana dafe da ni, na dawo. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga ta, wata maƙwabciya ta riƙo ta.  Ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta cire mayafi ta ninke shi gida huɗu. In Iya ta ninke mayafi gida huɗu, a nemi wurin ɓuya.

"Radiya."

"Na'am, Iya."

"Ina shiga gidan mutane, mata suka tashi suna tafi suna ce min ga mai zare ta iso. Wata har da rangaɗa guɗa. Ɗauko wayar nan taki ki kunna min abin da duk Zariya ta ji ban da ni."

Na kunna. Alhaji ya ajiye riga ya matso, na ƙure ƙara, ya manna kunnensa na dama a jikin wayar. Baiti na farko, Iya ta taɓe baki. Na biyu, ta zabura.

"Haƙori ya tafi? Haƙorin wa? Huɗu gare ni, ga su nan!" Ta buɗe baki ta nuna min. "Da su nake cin goro. Yaron nan maƙaryaci ne."

"Amma ya faɗi gaskiya a kan bakin," in ji Alhaji.

"Au, wannan ka ji shi?"

"Ni wa ya ce ba na ji? Zaɓa nake yi."

Na fara sakin jiki, har na ɗan yi dariya. Na manta da baitin ƙarshe. Kafin in kai yatsa in tsayar, ya riga ya shigo:

*Sun ce ke Kaduna, ni Tudun Jukun,*
*Sun raba mu a waya, ba mu ji ba,*
*In kin tafi, wa zai ce min na tsufa?*
*In na tafi, wa za ki ce wa bai ji ba?*

Kiɗan ya ƙare. 

"Wa za shi Kaduna?" in ji Iya.

Na sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Wa za shi Kaduna?"

Na faɗa musu. Duka. Aikin gwiwa, rufe gida, har da cewa sai ana jibi za a sanar da su. Ina jira Iya ta fashe da faɗa, amma ba ta yi ba. Alhaji ya koma kan buzunsa ya ɗauki rigar, ya miƙa allura gefe kamar kullum. Iya ta karɓa. Sau uku tana kai zaren yana kaucewa. Ban taɓa ganin ta kuskure ba sai ran nan.

Wayata ta yi ƙara. Gwaggo Rukayya ce ta turo waƙar a guruf, ta rubuta, "Jama'a wannan ba su Iya ba ne???" Ƙasa kaɗan Abba ya rubuta, "Radiya, gobe bayan la'asar ina nan zuwa. Ki gaya wa yaron nan ya same ni a can." Ba sallama, ba komai. Har da aya a ƙarshe. Abba in ya sa aya, magana ta ƙare.

Juma'a bayan la'asar Sagiru ya riga shi isowa. Ya sha farar shadda da aka zuba wa sitaci har ba ta lanƙwasuwa, hula zanna ta zauna a karkace don gumi, da ledar lemo da ayaba a hannu kamar mai zuwa dubiya. Ya durƙusa a tsakar gida, shaddar na ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Ni ina ɗakin Iya, na ɗaga labule daidai faɗin ido ɗaya.

Abba ya shigo da babbar rigarsa ta masallaci, ya gaida iyayensa, ya zauna a kujerar roba. Bai amsa gaisuwar Sagiru ba.

"Kai ne mawaƙin?"

"Malamin makaranta ne, Abba. Waƙar..."

"Kai ne ka mayar da iyayena abin dariya a bakin masu keke? Yau a masallaci wani ya tambaye ni ya jikin giwa!"

Na ciji labule. Allah ya sani na ciji labule.

"Abba, na yi kuskure. Ban yi don a ji ba. Ku yafe ni."

"Abin da na guda ke nan. Mutumin da bai iya riƙe bakinsa ba, ya zai riƙe 'yar mutane? Mu gidanmu ba a waƙa. Ba a taɓa yi ba, ba kuma za a fara a kaina ba."

Duk wannan Alhaji na ɗinkinsa kamar ba ya wurin. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yahaya, yaushe ne tafiyar?"

Abba ya yi turus. "Wace tafiya, Alhaji?"

"Wadda za a kai uwarka Kaduna, ni a kai ni Tudun Jukun a ajiye kamar tsohuwar keken ɗinki."

"Alhaji, ai don lafiyarku ne. Gidan nan..."

"Gidan nan ya girme ka, bai faɗo ba. Ni ban ce kada a gyara mata ƙafa ba. Amma a bakin mai waƙa zan ji? Kai da na haifa ka ɓoye min, bare ya gaya min, kuma shi ne marar kamun kai?"

Abba ya sunkuyar da kai. Iya, da yake shi ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallon sa in tana magana ba, sai ta fuskanci rijiya.

"A gaya wa mai gidan Tudun Jukun, tsohon nan bai san inda hularsa take ba in ban faɗa masa ba. Maganin hawan jininsa a cikin tuwo nake ɓoye shi, don in ya gani ba ya sha."

"A cikin tuwo?" in ji Alhaji. "Shi ya sa!"

"Ka ga wannan ma ka ji. A kai shi wani gida, sati biyu ba zai yi ba. Ni kuma a kai ni Kaduna in yi wa wa faɗa? Mijin Rukayya? Mutumin da ko an taka shi sai ya ce sannu?"

Sagiru ya yi wani tari da na san dariya ce ta sarƙe shi.

Alhaji ya soke allura a jikin rigar, ya juyo gare shi. "Kai yaro, matso. Waƙarka ba laifi, amma baiti na biyu ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka cusa magana da yawa. Waƙar mace ba a cika ta, ana barin wurin da za ta yi murmushi."

Sagiru ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba ya san waƙa ne?"

"Alhaji," in ji Iya da sauri, "kada ka soma."

Ai kuwa ya soma. Ya gyara zama, ya ɗora hannun hagu a kunne, ya buɗe baki. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma wallahi tana kan hanya:

*Mai furar Ƙofar Jatau, dama a hankali,*
*Ni ba yunwa ce ta kawo ni ba,*
*In kin gama damun, sake sabo,*
*Ludayi nake kallo, da hannun da ya riƙe shi.*

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Iya! Matar da ke korar akuya da harara. Daga cikin mayafin muka ji ta ce, "Wata bakwai yana zuwa yana wannan haukan a gaban ƙwaryata. Ya kore min masu saye. Babana ya ce in dai ba a aura masa ni ba, unguwa ba za ta huta ba."

Abba ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. "Alhaji... kai?"

"Da ban yi waƙar nan ba, da yanzu babu kai, balle ka zauna a kujerar roba kana cewa ba a waƙa a gidanku."

Ban san lokacin da na saki labule na faɗi a kan gadon Iya ba. Na tura fuska cikin filo ina dariya ina hawaye, kwanukan jerenta na ta kaɗawa.

Da na sake leƙowa, an shiga maganar gaske. Abba ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma. Ya ba su haƙuri, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Iya ce ta yanke hukunci, har yanzu tana fuskantar rijiya: za ta Kaduna a yi aikin, amma da tsohonta za ta, ƙafarta ƙafarsa. Wata uku. Kafin su dawo a gyara rufin. Gidan Kwarbai ba mai rufe shi sai ranar da aka fitar da su biyun. Alhaji ya ce shi bai ji an ce Kaduna ba, amma in Talatu za ta, to, ai dole wani ya bi ta don kada ta addabi likitoci.

Abba ya miƙe zai tafi. Ya tsaya a kan Sagiru, wanda har lokacin yana durƙushe, ƙafafunsa sun mutu.

"Tashi. Ba cewa na yi na yarda ba. In sun dawo daga Kaduna, ka zo gida mu yi magana. Kafin nan, ko tari na ji ka yi a TikTok, ka san sauran."

"Na gode, Abba. Allah ya ƙara girma."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi, sai da ya dafa kafaɗar Alhaji. Alhaji ya ce, "Kai ma? To ku yi layi."

Zuciyata fari ƙal, har na fara lissafin kalar ankon biki. Sai Iya ta ɗaga murya: "Radiya, fito daga bayan labulen, tun ɗazu ina ganin idonki. Ki fara haɗa kaya. Da ke za mu. Wa zai kama ni in an yanka gwiwar?"

Wata uku a Kaduna. Na leƙa zaure, Sagiru na saka takalmi, ya ɗago ya dube ni kamar an ƙwace masa abinci a baki. Na ce a raina ba komai, wata uku kamar gobe ne.

Ko gama tunanin ban yi ba, waya ta yi ƙara. Gwaggo Rukayya ce, ba a guruf ba, ni kaɗai:

"'Yata, na ji da ke za a zo, alhamdulillah! Na sa a gyara miki ɗaki. Af, kin tuna Jamilu ƙanin mijina? Ya ga hotonki a wayata tun watan jiya ya hana ni sakat. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ga ki nan tafe har gida."

Na karanta sau biyu. Na je na durƙusa gaban Iya na karanta mata, don na san yanzu ina da mai tsaya min.

Ta saurara, tana ɓare goro. "Shi wannan Jamilun, ya iya waƙa?"

"A'a, Iya. Likita ne."

"Likitan me?"

Na duba saƙo na biyu da ya shigo.  "Likitan ƙashi. Wai shi ne ma zai yi miki aikin."

Iya ta dubi gwiwarta. Ta dubi ƙofar zauren da Sagiru ya fita. Ta sake duban gwiwar, ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta jefa goro a baki, ta kai shi wajen haƙoran nan huɗu.

"To, 'yar nan," ta ce, "ni ina son yaron nan mai waƙa har raina. Amma kada ki kuskura ki ce wa likita a'a sai ya ɗinke ni tukuna."